Buhun Gwaggo

A bayan sito akwai wani dogon ɗaki mai rufin kwano, tagoginsa can sama inda hannu ba ya kai. Nan mata ke tsintar gyaɗa. 'Yan dako su juye buhu a kan tebur, mata su jawo gabansu da tafin hannu, su fid da ruɓaɓɓiya da mai fumfuna da tsakuwa da guntun ɓawo, mai kyau kuma su tura ta buhun da ke rataye a gefen kowacce. Da yamma Mai Sikeli ya zo ya auna. Wadda ta kai awo a ba ta kuɗin yini cikakke, wadda ta gaza a yanke mata. Mai leƙowa daga ƙofa cewa zai yi kuɗin hira ake biyan mutane. To ya zauna yini ɗaya, ya ji abin da wuya da ƙugu za su gaya masa.

Matar Direba ta daɗe a ɗakin nan. Direban ma ya bar tuƙi tun shekarar da mota ta kife da shi, yana gida yana gyara wa maƙwabta fitila da rediyo, amma suna in ya kama mutum ba ya tambayar ko an canja sana'a. Mace ce marar yawan magana, hannunta kuwa kamar kaza a kan tsaba. In rigima ta tashi tsakanin mata ita ake juyowa a kalla, don ba ta cin na wani, ba ta kuma manta wanda ya yi mata.

Wadda ta fi yi mata kuwa Gwaggo ce. Gwaggo ba gwaggon kowa ba ce a ɗakin, shi ya sa ta zama ta kowa. Ita ta fi kowa daɗewa, ita ce kuma ta kawo abin da suke kira ɗan hannu. Wadda ta cika buhunta da wuri ba ta tashi ta kakkaɓe zani ta tafi. Ci gaba take da tsinta, in ta tara sai ta zura hannu ta ƙarƙashin tebur ta zuba a buhun wadda aka bari a baya, mai ciki ce, mai goyo ce, mai zazzaɓi ce, ko wadda ta kwana jinyar yaro. Ba a sanarwa, ba a godiya. In sabuwar zuwa ta ce na gode, Gwaggo kan ce ta rufe baki kada ƙuda ya shiga, ranar nata biyan na nan tafe.

Lokacin da Direba ke kwance a asibiti da karaya, Matar Direba na ɗauke da tsohon ciki. Ta zo a makare, ta yi gyangyaɗi a kan tebur, ta farka ta tarar buhu ya yi nauyi. Damina guda cur Gwaggo ta ɗauke ta a haka, ba a taɓa yanke mata komai ba. Da wannan aka sayi magani, da shi aka ɗora tukunya. Bashin kuɗi ai mai sauƙi ne, ka san ranar da ka gama da shi, ka bi ta ƙofar mai shi kana gyaran murya. Irin wannan kuwa ba shi da ranar ƙarewa, Matar Direba ma ba ta taɓa neman ya ƙare ba.

To sai idon Gwaggo ya fara yana. Ba ta faɗa ba, ba wadda ta tambaya. Tsakuwa da ɓawo yatsa na gane su, amma fumfuna sai ido, don gyaɗa mai fumfuna santsinta ɗaya da lafiyayya. Matar Direba ce ta fara lura baƙaƙe na gangarawa buhun tsohuwa. Sai ta matsar da bencinta kusa. Duk abin da Gwaggo ta ture a kan mai kyau ne sai ya bi ta gaban Matar Direba tukuna, ta sake bin sa, sannan ya faɗa buhu. Sauran suka gani, suka gane. Kowacce ta riƙa kawo nata ɗan hannun, kowacce na tsoron kada wata ta manta, aka yi ta zubawa har buhun Gwaggo ya koma rigan na kowa cika. Mai Sikeli ya sani sarai, amma Gwaggo ta taɓa zaman jinyar uwarsa, sai ya ɗauke kai.

Nan suka yi kuskure, irin kuskuren masu kirki. Da sun bar buhun yana cika tare da na kowa, ko ɗan baya kaɗan kamar yadda ya dace da tsohuwa, da ba a kai inda aka kai ba.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja, saurayi mai fara'a, yana gaishe da manya har da rusunawa. A faɗi gaskiya ba mugu ba ne. Shi ma akwai na sama da shi, in suka kira shi a waya a tsaye yake amsawa. Ya yi kwanaki yana tsayawa bayan Mai Sikeli yana kallon awo. Rannan sai ga shi ya shigo ɗakin tsinta da sabuwar kujerar roba mai majingina, ya ajiye wa Gwaggo, ya ce kowa ta dubi Mama. Ga tsohuwa, ta yi jika da wasu a nan, amma kullum ita ke fara cikawa, rana ma ba ta karkata ba. In ita za ta iya, masu jini a jika me suke yi da sauran yinin? Saboda haka daga gobe an ƙara awo. Kuɗi kuwa yana nan inda yake, sai kasuwa ta gyaru.

Gwaggo ta lalubi kujerar, ta zauna, ta ce Allah ya yi albarka. Akwai wata yarinya mai 'ya'ya biyu da ake kira Barkono, bakinta ne ya ja mata sunan. Ta ce ƙasa-ƙasa, an ba mutum ɗaya kujera an kwashe wa saura ƙasar zama. Ba wadda ta yi dariya.

Sabon awon ba ya cikuwa sai an haɗa da lokacin cin abinci. Mata suka koma tsinta da hannu ɗaya, ɗayan na kai loma. Zagayawa ta zama asara, har aka rage shan ruwa. Masu goyo nono ya cika ya jiƙa riga, ba damar a leƙa gida. Ana tashi rana ta faɗi, ido na ganin gyaɗa ko an rufe shi. Yankan kuɗi da ake yi jefi-jefi ya zama na kullum. Duk da haka buhun Gwaggo sai ya cika, don in ya gaza rana ɗaya manaja zai tsaya ya duba dalili. Wato kowacce ta ciri daga nata da bai kai ba, ta zuba a na wadda aka kafa musu hujja da ita. Da hannunsu suke sassaƙa sandar da ake dukansu.

Tun ana haɗiyewa har aka fara gunaguni. Wata yamma a bakin famfo, ana wanke hannu da fuska, Gwaggo ta riga ta yi gaba, Barkono ta fasa ƙwan.

"Yaya, ke ake jin maganarki," ta ce wa Matar Direba. "Ki je ki gaya masa gaskiya. Tsohuwar nan ba ta gani, mu ke cika mata. In ya san haka, da me zai sake kafa mana hujja?"

Matar Direba ta ce in ya sani korar ta zai yi.

"To mu fa? Jiya na je gida da abin da bai kai na sabulu ba, ƙaramin na kuka, na rasa me zan ce masa. In ce ya yi haƙuri, Gwaggo ta samu kujera?"

Wata dattijuwa ta ce Barkono ta ji tsoron Allah, lokacin da ta haifi na biyun wa ya riƙe mata wuri har ta dawo? Barkono ta ce ta sani, ba ta manta ba, kuma a ganinta ta biya har da ƙari. In kuwa ba ta biya ba, to a gaya mata abin da ya rage ta san inda ta tsaya, don ko mai kanti yana gaya wa mutum. Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan ranar da manyan motoci za su zo lodi kowa ta zauna ta naɗe hannu, Matar Direba ta yi magana da yawun kowa: a mayar da awo inda yake ko a ƙara kuɗi, a kuma bar mutane su ci abinci kamar mutane. Zancen Gwaggo kuwa aka bar mata, a faɗa ko kada a faɗa. Haka mutane suke, abin da ya fi nauyi shi ake bar wa mutum ɗaya.

A gida ta tarar da Direba a bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar nan da ba ta lanƙwasuwa, ya baje hanjin wata rediyo a kan tire. Ta zuba masa abinci, ta ba shi labari. Ya ce ita dai ta yi ta kanta, mai magana a gaba shi ake fara sallama, kuma gidan nan da hannunta yake tsaye, nasa gyaran ko kuɗin gishiri ba kullum yake kawowa ba. Ta ce ta sani. Ya ce a zamanin da yake kan hanya ya ga motoci da yawa da lodi ya kifar, bai taɓa jin an tsaya ana tambayar wane buhu ne mai laifi ba. Ta ce ita ba karin magana ta zo nema ba. Ya yi dariya, ya ci gaba da cin abincinsa. Can sai ya ɗago.

"Wai kun tambayi tsohuwar kuwa? Ko kuna ta ɗaukarta kuna saukewa kamar kaya?"

Tun da idon ya fara, ba wadda ta taɓa zama da Gwaggo a kan maganar. Sun ɗauka rufin asiri ke nan.

Ranar hutu da hantsi ta sayi sabulu da sukari ta tafi. Gwaggo na haya a ɗaki na ƙarshe a wani gida mai yawan ƙofofi, ita da jikoki biyu da ɗanta ya mutu ya bar mata. Tana zaune a bakin ƙofa tana tsefe kai. Tun Matar Direba ba ta yi sallama ba ta ce, "Shigo, 'yar nan, takunki ba ya ɓuya." Aka gaisa, aka tambayi Direba da ƙafa, aka tambayi yara, aka yi zancen tsadar haya da mai gidan da ba ya gyara rufi. Matar Direba ta yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman ƙofa a duhu. Gwaggo ta bar ta ta gaji don kanta.

"Kin zo ki gaya mini ba na gani."

Matar Direba ta sunkuyar da kai.

Gwaggo ta ce ido ne ya tafi, ba kunne da hanci ba. Ta san duk hannun da ke shiga buhunta. Na Barkono warwaro ke tona shi, kuma watsawa take kamar mai ba kaji. Na dattijuwar nan warin man zafi yake. Na Matar Direba ba ya ƙara ko kaɗan, shi ya sa take gane shi. Ta san kuma abin da kujerar nan ta jawo wa mutane, tana jin numfashinsu da yamma.

"Na san abin da ya kamata in yi," ta ce. "In tashi da ƙafata in ce na gaji. Kullum da niyyar nan nake fita. In na kai ƙofar sito sai in tuna yaran nan biyu, sai in ce bari gobe."

Matar Direba ta ce ba wadda ke son ta tafi.

"Ba a so, amma an gaji. Gajiya ba laifi ba ce." Ta ɗaure kanta da ɗankwali, ta juyo da fuskar wajen da murya take. "Abu ɗaya nake so. Ku yi faɗanku na awo, ku ne da gaskiya. Amma kada ki tsaya gaban yaron nan da 'yan dako ki ce Gwaggo makauniya ce ana yi mata sadaka. In za a kore ni, a kore ni da idona. Ban taɓa tuna miki da daminar nan ba, ba kuma yau zan fara ba."

Wanda ya ce ban taɓa tuna maka ba, ai ya tuna maka ke nan. Matar Direba ta ji abin har cikin ƙashinta. Ta ce to. Irin to ɗin nan da mai faɗi da mai ji kowa ke ɗaukar abin da yake so.

A hanyar komawa ta yi ta juya maganar. Ta ga za a iya. Za ta yi zancen ƙugu da wuya da yara, ta bar sunan Gwaggo a gefe, in Allah ya sa yaron na da tausayi shi ke nan, an fita kunyar kowa.

Ranar lodi ta zo. Manyan motoci suka shigo fili suka jera. 'Yan dako suka juye gyaɗa a kan tebur kamar kullum, mata suka zauna kowacce a wurinta, hannuwa a cinya. Ɗakin da ba a jin komai sai shuu-shuu na gyaɗa ya yi tsit, har ana jin kwano na ƙara da zafin rana. Mai Sikeli ya leƙo, ya koma da sauri. Ba a jima ba sai ga manaja.

Matar Direba ta miƙe. Ta gaishe shi yadda ya kamata, ta faɗi abin da aka aiko ta. Awo ya fi ƙarfin yini. Mutane ba sa cin abinci, ba sa shan ruwa. Ana aiki fiye da da, ana komawa gida da abin da bai kai na da ba. Ba su zo da rashin kunya ba, amma ba za a taɓa gyaɗar nan ba sai an duba.

Ya saurara har ta gama, bai katse ta ba. Ya ce ya ji, kuma yana da uwa, ya san zafin aiki. Amma shi ma aiko shi aka yi, in zai je gaban na sama sai da hujja. Sai ya juya wajen Gwaggo.

"Mama, ke kin taɓa gazawa tun da aka ƙara awon nan?"

Gwaggo ta kafa ido a tebur kamar mai kallon wani abu.

Ya ce to kun gani. Muddin Mama na cikawa, da wane baki zai ce abin ba ya yiwuwa? Wadda ta ga ba za ta iya ba ƙofa a buɗe take, akwai mata a waje da ke zuwa neman aiki kullum.

Duk ɗakin ya juyo ya kalli Matar Direba. Ta ga dattijuwar nan mai man zafi, ta ga masu goyo da rigunansu, ta ga wasu sun fara zare hannu daga cinya, don maganar ƙofa ta shige su. In aka fara tsinta yanzu an gama, ba za a sake haɗa kan matan nan ba. Ta kuma ji warwaron Barkono ya motsa, ta ji ta ja numfashi. Maganar dai fita za ta yi. Abin da ya rage shi ne ta bakin wa, kuma da wane irin lafazi. Ta dubi Gwaggo, tsohuwa ta dafe gefen tebur da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "buhun Gwaggo ba ita kaɗai ke cika shi ba. Mu ne. Idonta ya yi rauni."

Wata ta ja salati a hankali. Matar Direba ba ta tsaya ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ci gaba ba. Ta ce ba yau aka fara ba, kuma ba da Gwaggo aka fara ba. Ita kanta da ke tsaye, tsohuwar nan ta taɓa ɗauke ta damina guda. Duk wadda ke ɗakin nan an taɓa zuba mata, ta kuma zuba wa wata. Abin da ya gani a sikeli ya ɗauka ƙarfin tsohuwa ne, hannun mutum da yawa ne. A kan wannan ya ɗora awonsa.

Fara'ar manaja ta ɗauke. Ya dubi Mai Sikeli, Mai Sikeli ya dubi takalminsa. Manaja ya ce wato duk kwanakin nan rufe shi aka yi. Ya ce sun san kuwa in aka samu mai fumfuna a lodi, motar gaba ɗaya ake dawowa da ita, kuma shi za a tambaya? Matar Direba ta ce ba ta taɓa barin ɗaya ta wuce ba. Ya ce ranar da ba ta zo ba fa? Nan kam gaskiyarsa ce. Ya ce zancen awo zai kira na sama ya ji. Amma Mama kam ba za ta sake zama a teburin nan ba, a ba ta na yau ta je ta huta.

Gwaggo ta fara laluben takalminta da ƙafa.

Kowa ya zaci in za a samu mai cewa a'a, ba Barkono ba ce. Sai ga shi ita ce.

"Awo muka ce a gyara, ba mu ce a kwashe tsohuwa a zubar da ɓawo ba. Gwaggo, zauna. In kin fita duk mun fita, ya kira na wajen su zo su koyi tsinta motoci na jira."

Dattijuwar nan ta ce haka ne. Waɗanda suka zare hannu suka mayar. Ba don Barkono ta fi kowa tausayi ba ne. Ta dai san ita ta fara tayar da maganar, ba ta kuma son a ce da bakinta aka kori wadda ta riƙe mata wuri.

Aka zauna. Rana ta take, direbobi suka yi ta danna oda, 'yan dako suka samu inuwa suka miƙe. Manaja ya yi ta shiga da fita, waya a kunne. Sau biyu yana dawowa da magana ana mayar masa. Mata suka ci abincinsu a zaune da hannu biyu, abin da aka daɗe ba a yi ba, suka sha ruwa suka ƙoshi. Gwaggo ba ta ci ba, ba ta yi magana da kowa ba. Matar Direba ta tura mata ruwa kusa da hannu, tsohuwa ta bar shi nan har ya yi ɗumi.

Sai da rana ta karkata aka daidaita. Ba a samu duka ba, dama ba a samu. Awo ya sauko, bai dai kai inda yake da ba. An mayar da lokacin cin abinci. Ƙarin kuɗi aka ce sai gaba, kowa kuma ya san tsawon gaba. Ɗan hannu aka ce an hana, mata suka ce to. Gwaggo kuwa aka mayar da ita bakin ƙofa wajen ɗinke bakin buhu da basilla, aikin da yatsa ke yi ba ido ba, kuɗinsa bai kai na tsinta ba. Da za a tashi Mai Sikeli ya rage murya ya gaya wa Matar Direba ta riƙa zuwa da wuri, don yanzu an san fuskarta.

Gwaggo ta iya ɗinkin cikin 'yan kwanaki, 'yan dako ma suka ce nata ba ya kwancewa a hanya. Tana amsa gaisuwar kowa. Barkono in ta zo wucewa har tsiya suke, Gwaggo ta ce mata marar kunya, ita kuma ta ce tsohuwa mai ran ƙarfe. Matar Direba ce kaɗai in ta ce ina kwana, Gwaggo, sai basilla ta ci gaba da shiga tana fita kamar iska ce ta wuce.

Abin ya dami Matar Direba fiye da yadda ta nuna. Tana tsinta tana lissafi a zuci. Tsohuwa ba ta rasa aiki ba, jikoki na ci. Mata sun samu sauƙi. Amma abu ɗaya aka roƙe ta, shi ne kuma ba ta yi ba. Ta kasa gane ko rage bashin ta yi ko ƙara shi. Ta tambayi Direba, ya ce shi rediyo ya iya gyarawa.

Wata yamma an tashi, ta hango Gwaggo tsaye a bakin babban titi. Motoci na ta wucewa, tsohuwa ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye. Matar Direba ta je ta tsaya kusa da ita. Suka ɗan jima a haka. Can sai ta ji yatsu masu kaushi sun kama wuyan hannunta. Ta jira hanya ta yi sarari, suka tsallaka a hankali, takun tsohuwa take bi. Suna kaiwa ɗaya gefen Gwaggo ta saki.

"Hannunki duk ya tsage," ta ce. "Ki nemi mai ki riƙa shafawa."

Ta juya ta bi layinsu tana dafa bango.

Washegari da safe Matar Direba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ina kwana, Gwaggo. Ba a amsa ba. Ta wuce ciki, ta zauna a bencinta, ta jawo gyaɗa gabanta.